Kayan Canjin Mamita Herminia

"A sa mini albarka, Mamita."

"Allah ya yi maka, in akwai saura. Me ka zo ɗauka da sassafen nan?"

"Daga gaisuwa sai tuhuma? Ke na zo ɗauka, tsohuwar kaza."

"Na san ni ka zo ɗauka, ɓarawon cuku. Inda za a ajiye ni nake tambaya."

Ina shanya a bayan gida na jiyo su, don katangar da ke tsakanina da Doña Herminia ba ta taɓa hana magana tsallakowa ba. Duk garinmu Pijao an san ta da jikanta Duván, mai kiranta Mamita. Ita ta raine shi lokacin da uwarsa Nubia take aiki a birnin Cali, kuma tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba suke wannan tsiyar. Yanzu ya zama magidanci, yana gyaran firiji a can Cali ɗin. Hutu ya kawo shi, ya sauka gidan surukansa a ƙasan kasuwa, shi da matarsa Yuliana da 'yarsu Eloísa wadda ba ta cika shekara uku ba.

Ya tuna mata cewa ai ya faɗa tun jiya, filin wasa za a je, wanda ke can gangare bayan gonakin kofi, a kai Eloísa ta ga lilo karon farko a rayuwarta. Ta ce ta ji, kuma ta ji har wutsiyar maganar: wai ta haɗa magungunanta, da tawul, da kayan canji.

"Wa ya taɓa zuwa hawan lilo da kayan canji? Kwana ake yi a kan lilon?"

"Ke dai ki haɗa, za ki gani."

"Haka aka ce wa Bertilda za ta gani. Tana can tana gani har yau, ta taga."

Duván ya yi dariya, amma ni ban yi ba. Bertilda ƙawarta ce, wadda 'ya'yanta suka ɗauka da sunan ganin likitan ido, suka sauke ta a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Armenia. Kuma tun da Doña Herminia ta zame a banɗaki ƙugunta ya goce, Nubia take yi wa 'yan'uwanta zancen wannan gidan a waya, tana zaton tsohuwar barci take. Ita kuwa kunnenta ya fi na kowa a layinmu.

Sai ga kanta ya leƙo ta saman katanga. Ta ce in ajiye wankin nan in sa takalmi, shaida take nema. Duván ya ce motarsa ba bas ba ce. Ta ce ai ba mota ba ce ma, gwangwani ne da aka yi wa taya, kuma in babu Gilma, wato ni, babu tafiya. Haka na bar rigunana a bokiti na bi su.

A kicin ta zaunar da kowa, ta ce a gidan nan ba a kai yaro filin wasa haka kawai kamar an je sayen gishiri, akwai ƙa'ida. Abinci daga gida ake tafiya da shi. Wannan Duván bai yi musu ba, don ƙunshin fiambre yana kan tebur tun kafin ya zo, shinkafa da kaza da ƙwai da soyayyiyar ayaba, an naɗe a ganye an ɗaure da zare. Sai ta ɗauko 'yar malafar da kowane yaro a gidan ya sa ranar zuwansa na farko, ta yi ja don tsufa. Wannan ma ya yarda, ya ce akwai hotonsa da ita.

"Sannan babbar gida ita ke riƙe takalmin yaro ƙafa ɗaya, har a dawo da ita ƙofar gidanta."

"Wannan kuma yaushe aka kafa ta?"

"Tun kakanninmu."

"Kakannin naku da ba su da takalmi?"

"Shi ya sa ba ta yi musu wahala ba."

"Mamita, ranar da aka kai ni da takalmina biyu na je. Hoton yana jikin bango."

"Kai wa yake son ka dawo?"

Yuliana ta sunkuyar da kai tana dariya, ta cire wa yarinyar takalmi ɗaya ta miƙa. Tsohuwar ta jefa shi a jakarta ta ja zif. Amma da ta matso da malafar za ta ɗora wa Eloísa, sai yarinyar ta ƙanƙame wuyan uwarta ta ɓarke da kuka. A Cali aka haife ta, a fuskar waya kawai ta san kakar ubanta, kuma tun da suka zo ba ta yarda ta taɓa ta ba. Doña Herminia ta ce ba komai, halin ubanta ta ɗauko, shi ma ba ya son mutanen kirki. Ta miƙa wa Yuliana malafar, ta juya tana goge teburin da ba shi da datti.

A mota ta zauna gaba, sandarta tsakanin ƙafafu, idonta a kan titi. Muna gangarowa cikin kwane-kwanen dutse ba su fasa ba. Ta ce tuƙinsa kamar na wanda ya koyi mota a kan jaki. Ya ce ita da ta zo duniya kafin a ƙirƙiro taya, ina ta san tuƙi. Ta ce ta san taya tun tana yarinya, kan kakansa ne ya fara nuna mata yadda abu mai zagaye yake. Ya tambaye ta ko gaskiya ne ita ta yi wa duwatsun nan raino. Ta ce gaskiya ne, kuma duk sun fi shi jin magana.

Muka iso mararraba. Hagu ce hanyar filin wasa, kowa ya sani. Duván ya kunna sigina ya karya dama, hanyar Armenia.

Na ga hannunta ya kama marfin ƙofa. Na dubi Yuliana, ita kuwa tana ta share wa 'yarta hanci kamar ba abin da ya faru.

"Gilma, kina gani ko?"

Na ce ina gani.

"Famfas za mu saya, Mamita. Yuliana ta manta jakar kayan yarinya a gida."

"Duk Pijao babu famfas sai Armenia?"

"Sai da muka yi nisa ta tuna."

"Ƙarya ma gado ce. Kakanka in zai je gidan caca cewa yake za shi duba maraƙi."

A bakin gari ya tsaya gaban wani kantin magani. Ya ce ta sauko ta miƙe ƙafa, akwai banɗaki a ciki. Ta ce ƙafarta a miƙe take, mararta kuma tata ce. Ya shiga ya fito da ƙunshin famfas, ya ɗaga mata shi ta gilashi kamar ya ci kofin ƙwallo. Ta ce ya buɗe ta gani, kada takardun asibiti ne a ciki. Ya buɗe. Ta duba har ƙasa, ta ce wannan ba ya nufin komai, mugu ma yana da 'ya'ya masu fitsari.

Muka juyo muka kama hanyar hagu. Ba ta saki marfin ƙofar ba sai da ta hango ƙaton lilon nan mai kamar tayar keke yana juyawa a saman bishiyoyi. Ko a nan ma, yana kashe mota ta buɗe masa tafin hannu. Wai akwai wata ƙa'idar da ta manta: makullin mota wajen babbar gida yake zama.

"Mamita, ranar da aka kawo ni a bayan motar ɗaukar kofi muka zo. Wane makulli kika riƙe?"

"Direban na riƙe. Ba ni."

Ya ba ta. Ta tura shi cikin rigarta, inda ba mai iya bin sa.

Ƙa'idar bakin ƙofa kuwa ta gaske ce, ni kaina na san ta: yaro ba ya shiga da ƙafarsa, babba ke ɗaukarsa ya tsallaka da shi. A lokacinsu Doña Herminia ce ta ɗauki Nubia, ta ɗauki Duván da duk 'yan'uwansa. Yanzu ga ƙugu, ga sanda, ga yarinyar da ba ta son ko kallonta. Muka tsaya cirko-cirko mutane suna ratsa mu. Duván ya ce ba komai, shi zai ɗauki Eloísa, ita kuma ta riƙe ƙafar yarinyar su shiga tare. Ta ce ba haka ake yi ba. Ya ce ai ƙa'idojin yau duk sababbi ne, a ƙara wannan a kai. Ta harare shi, amma ta kama 'yar ƙafar da ba takalmi. Eloísa ta fizge. Haka muka shiga, tsohuwar tana baya.

Ciki kiɗa ne ta ko'ina, da ihun masu hawan jirgin da ke kifewa da mutane, da ƙamshin gugguru. Yuliana ta ciro wasu silifas daga jakarta ta sa wa yarinyar, aka sauke ta ƙasa. Ba ta yi nisa ba sai ga wani mutum cikin rigar ƙaton aku, kore shar, baki kamar kwale-kwale, ya buɗe fukafukai ya nufo ta. Yarinyar ta daskare. Uwarta tana ɗaukar hoto, ubanta yana duba taswirar wurin, don haka ta ruga ta shige bayan siket ɗin da ya fi kusa, na Doña Herminia.

Tsohuwar ta ɗaga sanda ta tokare ƙirjin akun. Ta tambaye shi ɗan gidan wa ne, kuma uwarsa ta san aikin da yake yi, yana firgita 'ya'yan mutane da rana tsaka? Akun ya ja da baya, ya rufe fuska da fukafukai, ya durƙusa yana roƙon gafara. Ta ce ya juya ya tafi. Ya juya, ta ɗan taɓa masa wutsiya da sanda, ya yi tsalle ya ruga yana karkaɗa gindi. Sai muka ji wata 'yar dariya daga bayan siket. Eloísa ta leƙo, ta nuna akun da yatsa, ta ɗaga kai ta dubi tsohuwar ta ce, "Kuma."

Doña Herminia ba ta sunkuya ba, ba ta ma dube ta ba. Ta saki hannunta ɗaya ƙasa kawai, yarinyar ta kama mata yatsa. Duván zai yi magana, ta ce in ya buɗe baki shi ma zai sha sanda.

A lilon dawakai, wanda ƙa'ida ta ce shi ake fara hawa, suka zauna cikin 'yar karusar da ba ta sama da ƙasa, yarinyar a jikinta. Duván ya tsaya a bakin shinge, duk zagayowar da za su yi sai sun jefi juna da magana.

"A kan wancan farin dokin ubanki ya yi kukan da aka kashe injin."

"Ƙarya ne. Ke kika yi ta kiran waliyyai har mai injin ya ji tausayinki."

Suka wuce, suka dawo.

"Ya jiƙa sirdin, sai da aka sake fenti."

"Ke kuwa kin san bishiyar da aka sassaƙa dokin tun tana tsiro."

"Na san ta. Ta fi ka amfani, ga shi har yau tana aiki."

Daga nan Eloísa ba ta sake yarda da hannun kowa ba. Ita ta ja tsohuwar zuwa ƙaramin jirgin ƙasa, ita ta ja ta wajen awaki, ita kuma ta ja ta wani fili mai santsin siminti da aka yi wa zanen kifaye, inda yara suke ta guje-guje ba riga. Doña Herminia ta bi ta har tsakiya tana dogara sanda, tana tambayar me ake kallo a nan. Sai ƙasa ta tsage da ruwa. Ta gaba, ta baya, ta ƙarƙashin siket, kamar an buɗe famfunan gari duka. Yarinyar tana tsalle tana ihun murna, tsohuwar ta tsaya ƙiƙam, gashinta ya manne a goshi, ruwa yana zuba daga haɓarta. Duván ya tako bakin filin, ya ɗaga mata jakarta da tawul.

Ni na raka ta ta canja. Tana sa busasshiyar rigar ta ce mini kada in ga ruwan nan in ɗauka magana ta ƙare, yaron nan wayo ne da shi tun yana ciki.

Muka sami benci a inuwa aka kwance ƙunshin abinci. Ta bari sai da ya cika baki da shinkafa.

"Kayan canji na gane. Famfas na gani. To faɗa mini, me uwarka take ƙullawa?"

Ya daɗe yana tauna lomar nan. Yuliana ta ɗauki yarinyar ta ce za su je wanke hannu. Da ya haɗiye, bai yi wasa ba. Ya ce gaskiya ne, Nubia ta je ta ga gidan tsofaffin, har an ce mata akwai gado. Ta kira shi ne ya zo ya lallashi Mamita, tunda shi kaɗai take saurara. Ya ce mata to, zai zo.

Doña Herminia ta ajiye cinyar kazar da ke hannunta. Ta dube ni, na kasa haɗa ido da ita.

"Na zo ɗin," in ji shi, "amma ba da wannan ba. Na saki shagon Cali. Firiji a Pijao ma lalacewa yake. Yuliana tana son kusa da iyayenta, ni kuma ina son ɗakin bayan nan naki, in kin ba mu. Na faɗa wa Mama, ta yi fushi, ta huce. Abin da ya hana ni faɗa miki, yarinyar nan ce. Ba zan kawo miki mai kuka duk lokacin da ta gan ki ba. Na ce bari in ga yadda yau za ta kasance."

Ta ciro hankici ta fyace hanci da ƙarfi, ta ce ruwan nan ya sa mata mura. Sannan ta gyara zama.

"Ashe gidana kake so."

"Mamita."

"Gilma, ki shaida. Da na ɗauka fitar da ni zai yi, ashe shigowa zai yi ya ci ni da rai."

"Gidan da rufinsa ke yoyo? Taimakonki zan yi."

"Yoyon ya girme ka, ka gaishe shi. Kuma wa ya ce maka ina neman mai tsaro? Faɗuwa ɗaya na yi."

"Ɗaya da aka sani."

"Wa ya faɗa maka sauran?"

Ta juyo kaina. Na ce ni ruwa zan je nema.

Har la'asar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ya bi ta yana lissafa mata abin da za ta samu, ta bi shi tana lissafa abin da za ta rasa. Ya ce zai gyara mata firiji, ta ce lafiyarsa ƙalau sai in shi ya taɓa shi. Ya ce zai riƙa kai ta coci a mota, ta ce tana son ta isa gaban Allah a lokacinta, ba a nasa ba. Ya ce Eloísa za ta riƙa kwana a ɗakinta wani lokaci. A nan sai ta ce rana ta yi zafi.

Muna hanyar fita muka bi ta gaban rumfar da ake jifan gwangwanaye da ƙwallo. Eloísa ta yi barci a kafaɗar uwarta. Duván ya ce bari ya ciyo wa 'yarsa 'yar tsana ta farka ta gani. Ya nannaɗe hannun riga, ya yi jifa, ƙwallon ta wuce ta sama. Ya sake, ta bugi katako ta dawo ta same shi a gwiwa. Ya ce iska ce.

Doña Herminia ta miƙo mini sandarta. Duván ya ce ta rufa wa kanta asiri, kada kafaɗa ta bi ƙugu. Ta ce wadda ta shekara tana korar karnukan maƙwabta daga lambunta da dutse ba ta neman shawarar mai gyaran firiji. Ta auna ƙwallon a hannu, ta rufe ido ɗaya, ta sake ta daga ƙasa. Gwangwanayen suka watse gaba ɗaya, har na ƙarshe ya gangaro gaban ƙafar Duván. Mutanen da ke wurin suka yi tafi.

Mai rumfar ya ce ta zaɓa. Ga 'yan tsana masu gashin zinariya, ga zomaye farare. Ta wuce su duka, ta nuna wani jakin auduga a can lungu, toka-toka, kunne ɗaya a karye, idanunsa kowanne yana kallon gabansa. Duván ya ce wannan ai sai ya firgita yarinyar. Ta ce wa ya ce na yarinya ne, ta dangwara masa shi a ƙirji.

"Riƙe. Ɗakin bayan nan sanyi ne da shi. Ranar da Yuliana ta kore ka daga gado, ka sami ɗan'uwan hira."

Ya dubi jakin, ya dube ta. "Ke nan kin ba ni ɗakin?"

"Jakin na ba wa. Kai ɗan rakiya ne."

Ta so ta ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa kafaɗarsa don kada ta faɗi, shi kuma ya tsaya rungume da jakinsa a tsakiyar mutane, yana share ido da karyayyen kunnen.